'Yan Kunnen Azurfa na Yao da Hmong: Tsofaffi ne, Azurfa ce, kuma Ƙirar Waye?

Tun daga watan Oktoba na 2025, lokacin da farashin azurfa a kasuwar duniya ya haura dala 50 kan kowace oza, ya zarce inda ya taɓa kaiwa a 1980 da 2011, duk abin da aka ce na azurfa ne ya ƙara kwarjini a idon mai saye da mai sayarwa. Cikin kayan da ake tallatawa a kasuwannin intanet akwai wasu 'yan kunne baƙi-baƙi masu siffar kibiyar da aka lanƙwasa, waɗanda ake rubuta musu cewa tsofaffin 'yan kunnen azurfa ne na Yao da Hmong mazauna tsaunuka. Mai dubawa zai ga guda biyu masu kama da juna kamar an tsaga kara, amma kuɗin ɗaya bai wuce na abincin rana ba, na ɗayan kuwa ya ninka shi sau da yawa. Tambayar ita ce, me mai saye yake biya wa kuɗi a nan? Tallar ta ƙunshi iƙirari uku: cewa kayan tsofaffi ne, cewa na azurfa ne, da cewa na waɗannan al'ummu ne. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da sarƙaƙiyar da mai talla ba kasafai yake faɗa ba.

Su wane ne Yao da Hmong?

Kafin komai, Yao ɗin da ake magana a nan ba su da dangantaka da al'ummar Yao ta Malawi da Mozambik da Tanzaniya. Suna ne kawai ya zo ɗaya. Yao ɗin da ake magana a nan asalinsu kudancin ƙasar Sin ne, a lardunan Guangxi da Hunan da Guangdong da Yunnan. A Biyetnam ana kiran su Dao, mafi yawan waɗanda ke Lawos da Tailan kuma suna kiran kansu Iu Mien. Su kuwa Hmong, gwamnatin Sin tana lissafa su cikin wani babban rukuni da take kira Miao, wanda ya haɗa al'ummu da dama da ba duka ne ke jin harshen juna ba, saboda haka ba kowane Miao ne Hmong ba. Hmong ɗin da ke wajen Sin ba sa son a kira su Miao ko Meo, domin suna ɗaukar sa sunan raini. Harsunan Iu Mien da Hmong 'yan gida ɗaya ne, amma al'adunsu sun bambanta: Iu Mien sun daɗe suna rubutu da haruffan Sinanci kuma addininsu ya ɗauki abubuwa da yawa daga addinin Tao na Sinawa, alhali Hmong sun fi dogaro da baka wajen adana tarihinsu.

Ba ƙananan ƙabilu ba ne kamar yadda lafazin "mazauna tsaunuka" yake sa mutum ya zata. Ƙidayar Sin ta 2020 ta nuna Miao sun haura miliyan 11, Yao kuma kimanin miliyan 3.3. Ƙidayar Biyetnam ta 2019 ta samu Hmong kusan miliyan 1.4 da Dao kusan 890,000. Ƙaurarsu zuwa tsaunukan Biyetnam da Lawos da Bama da Tailan ta yi ƙarfi ne a ƙarni na 18 da na 19, sakamakon ƙarancin ƙasar noma da yaƙe-yaƙe da daular Qing mai mulkin Sin a lokacin, musamman boren da aka yi a lardin Guizhou daga 1854 zuwa 1873.

Abin da ya sa dukiyarsu ta koma kunne da wuya

Wanda bai fahimci irin noman da suke yi ba, ba zai fahimci matsayin azurfa a wurinsu ba. A tsaunukan da suka sauka, sai su sare daji su ƙone, su noma shinkafar tudu da masara na wasu shekaru, idan ƙasa ta gaji su tattara su ƙara gaba. Mutumin da ya san zai tashi ba ya zuba dukiyarsa a gini, kuma gonar da ba shi da takardarta ba ajiya ba ce. Kuɗin takarda kuwa na gwamnatin kwari ne, wadda ka iya faɗuwa ko ta canza kuɗi a wayi gari abin da ke hannunka ya zama shara, ga gara da danshi. Azurfa ce kaɗai ba ta ruɓewa, ba ta ƙonewa, ana iya binne ta a ƙarƙashin ɗaki, kuma ɗan kasuwar Sin da na Bama da na Lawos duk sun yarda da ita a kan sikeli.

Harshen Hmong ma ya nuna haka: kalmar nyiaj, wadda ake furtawa kamar "nyia" domin harafin ƙarshe alamar karin sauti ne kawai, tana nufin azurfa kuma tana nufin kuɗi. Da sandunan azurfa, kowace mai nauyin kusan giram 380, ake biyan dukiyar aure da tara da diyya. Abin da mace ta sa a jikinta ranar bikin sabuwar shekara, bayan an gama girbi, lokacin da samari da 'yan mata suke jeruwa suna jefa wa juna ƙwallon ƙyalle, sanarwa ce ga dangin samari game da ƙarfin gidansu.

Akwai kuma ɓangaren imani. A al'adar Hmong ta gargajiya, kurwar mutum tana iya firgita ta bar jiki, ya kamu da ciwo. Babban abin wuyansu na azurfa sunansa xauv, ana furta shi kamar "sau", ma'anarsa kwaɗo ko makulli, kuma ana sa wa jariri ƙaramin abin wuya bayan an yi masa bikin kiran kurwa domin a kulle ta a jikinsa. Ɗan kunne shi ne ƙaramin ɗa a wannan gida na kayan azurfa. Bai kai abin wuya ko mundaye nauyi ba, amma shi ne wanda mace take sawa kullum, a gona da bakin murhu, kuma wannan ne ya sa alamar amfani ta fi bayyana a jikinsa.

Daga ina azurfar ta fito?

Abin mamaki shi ne yankunan da suka fi shahara da kayan azurfa ba su ne suke haƙo ta ba. A gabashin Guizhou, cinikin katako ta kogin Qingshui a zamanin Qing ne ya shigo da azurfa ƙauyukan Miao. A Lawos da arewacin Biyetnam da Tailan kuwa, ofiyom ne. Tsiron da ake samun sa yana son sanyin tsauni, abin da ake tatsa daga gare shi ba shi da nauyin ɗauka kuma ba ya lalacewa, sannan gwamnatin mulkin mallakar Faransa ta mayar da cinikinsa a Lawos da Biyetnam nata ita kaɗai, tana samun kuɗin shiga mai yawa daga gare shi. Manomin tsauni ba ya karɓar komai sai tsabar azurfa.

Tsabar kuwa iri-iri ce. Akwai fiyasta ta Faransa, wadda aka fara bugawa a 1885, mai nauyin giram 27, kashi 90 cikin ɗari azurfa. Akwai feso na Meziko mai kusan wannan nauyi, wanda ya daɗe yana yawo a kasuwannin Sin. Ta ɓangaren Bama kuma akwai rupi, kuɗin Indiya na zamanin Ingilishi, mai giram 11.66 da azurfa kashi 91.7 cikin ɗari. Mai son ɗan kunne sai ya kai wa maƙerin fari tsabarsa, a auna a gabansa. Maƙerin ya narka ta a ƙaramin kasko bisa gawayi da zuga-zugi, ya zuba a kwarmi ta zama sanda, ya yi ta bugu yana mayar da ita wuta don kada ta tsage, ya ja wani sashe ta cikin farantin ƙarfe mai huji-huji har ya zama waya, sannan ya zana ado da ƙananan ƙusoshi. Fiyasta ɗaya ta isa a fitar da 'yan kunne biyu matsakaita.

Daga nan ake gane kuskure na farko da masu saye suke yi. Tsohon ɗan kunne na gaskiya ba lallai ne ya zama tsantsar azurfa ba, domin yawancinsu tsarkinsu na tsabar da aka narka ne, wani lokaci ma ƙasa da haka idan maƙeri ya ƙara jan ƙarfe. Tambarin 925, alamar azurfa mai tsarkin kashi 92.5 cikin ɗari, da mutane suke nema a matsayin shaida, a wannan fage shaida ce ta akasin abin da suke so: maƙeran ƙauye ba sa buga shi, ganin sa yana nuna ƙirar zamani ce. Abin da akan gani a wasu tsofaffin kaya shi ne haruffan Sinanci na sunan shagon da ya ƙera su a gari.

Siffar ba ta faɗin ƙabila kai tsaye

Siffar da ta fi shahara ita ce ta kibiya: kai mai tsini kamar na mashi, sai a lanƙwasa jikin ya zagayo ya zama zobe, a zura shi ta hujin kunne. Akwai mai kama da doguwar ƙugiya shimfiɗaɗɗiya mai lanƙwasa biyu, wadda ake zana wa ganye da layuka a fuska. Akwai manyan zobba masu nauyi irin na matan Jan Yao na gundumar Longsheng a Guangxi, waɗanda suke ja wa fatar kunne har ta yi tsawo, da kuma masu 'yan lilo na ƙananan sarƙoƙi, waɗanda galibi sun fi zama na baya-bayan nan. An san maƙeran Iu Mien da aikin siririyar waya da kuma narka gilashi mai launi, musamman shuɗi, a kan azurfa.

Sai dai a ce wannan na Yao ne, wancan na Hmong ne, abu ne da yake buƙatar taka-tsantsan. Siffar kibiya duka biyun suna sawa. Maƙerin Iu Mien ko na Hmong yana yi wa maƙwabtansa Akha da Lahu da Lisu aiki, maƙeran Sinawa na kasuwannin gindin tsauni kuma suna yi wa kowa. Saboda haka ɗan kunne ɗaya yana iya zama ƙirar Basine, da azurfar Faransa, a kunnen matar Hmong. Sau da yawa sunan ƙabilar da ke kan talla hasashen dillali ne, ko kuma sunan da ya ga ya fi jawo mai saye. Har ila yau, yawancin abin da ake sayarwa a yau da sunan azurfar mazauna tsaunuka sabuwar ƙira ce ta al'ummar Karen a arewacin Tailan, mai kyau da tsarki sosai, amma ba tsohuwa ba ce kuma ba ta Yao ko Hmong ba ce.

Tsufan ƙarfe daban, tsufan ƙira daban

A ƙa'idar masu cinikin kayan tarihi, da dokar kwastan ta Amurka, da dokar kayan gado ta Biyetnam, sai abu ya shekara ɗari ake kiran sa tsohon kaya. Ke nan ɗan kunnen da ya cancanci wannan suna a yau sai wanda aka ƙera tun wajen shekarun 1920 ko kafin nan. Irin waɗannan ba su da yawa, kuma dalilin yana cikin abin da aka riga aka faɗa: kayan kuɗi ne, kuɗi kuwa ba ya zama wuri ɗaya. Idan ɗan kunne ya karye, ko yayinsa ya wuce, ko za a aurar da ɗa, sai a mayar da shi kasko. Azurfar da ke jikin wani ɗan kunne tana iya zama ta fiyastar 1900, amma an narka ta sau uku, ƙirar ƙarshe kuma ta 1965 ce. Dillalin da ya ce azurfar ta haura shekara ɗari bai yi ƙarya ba, amma bai amsa tambayar da aka yi masa ba.

Sai kuma yaƙi. A shekarun 1960 hukumar leƙen asirin Amurka ta ɗauki dubban Hmong aikin soja a Lawos ƙarƙashin Janar Vang Pao, ta ɗauki Iu Mien ma, kuma tsakanin 1964 da 1973 jiragen Amurka sun zuba wa ƙasar bama-bamai fiye da tan miliyan biyu. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1975, dubun dubatan iyalai suka gudu suka haye kogin Mekong zuwa Tailan. Azurfar da aka tara don irin wannan rana ita ta biya masu kwale-kwale da masu nuna hanya, ita ta sayi shinkafa da magani a sansanonin gudun hijira irin su Ban Vinai da ke lardin Loei. Wannan lokaci ya zo daidai da tashin farashin azurfa na Janairun 1980, sa'ad da aka narkar da tsofaffin kaya masu yawa a faɗin duniya. Abin da ya tsira daga kasko ya bi ta hannun dillalan Chiang Mai da Bankok zuwa Turai da Amurka. A ganina, duk mai riƙe da tsohon ɗan kunnen Hmong na Lawos ya kamata ya san cewa akwai yiwuwar ta wannan ƙofa ya fito.

Waɗanda suka rasa azurfarsu ba su daina ado ba. Sun koma ga alminiyom, wani daga tarkacen jirage da kayan yaƙi, da kuma wani farin ƙarfe da Sinawa suke kira baitong, haɗin jan ƙarfe da nikel da tutiya, wanda ba shi da ko ɗigon azurfa. A nan ne maganar jabu take rikicewa. Ɗan kunnen alminiyom da wata mata ta sa shekara arba'in a wani ƙauye na lardin Xieng Khouang da ke Lawos na gaskiya ne ta fuskar al'ada, ko da yake ba azurfa ba ne. Wanda aka zuba jiya da tsantsar azurfa a masana'anta, aka baƙanta shi, azurfa ce ta gaskiya amma tarihinsa ƙarya ne. Lafazin "azurfar Miao" da ake gani a kasuwannin Sin kuwa, a bakin 'yan kasuwa sau da yawa sunan wancan farin ƙarfe ne, ko wanda aka yi wa ruwan azurfa a sama.

Abin da hannu da ido za su iya ganewa

Gwajin maganaɗisu da mutane suka fi sani ba ya wadatarwa, domin azurfa ba ta kama shi, amma jan ƙarfe da alminiyom da baitong ma ba sa kamawa. Nauyi ya fi faɗin gaskiya. A ɗauki 'yan kunne biyu masu nauyin giram 21 a saka su cikin ruwa a ma'aunin da ke nuna mililita: idan azurfa ce, ruwan zai ƙaru da kusan mililita 2, idan baitong ne zai kai kusan 2.4. Alminiyom mai wannan girma kuwa bai fi giram biyar da rabi ba, hannu kaɗai ya isa ya tona shi. Masu shagon gwal na zamani suna da na'urar haske da ke karanta sinadaran ƙarfe ba tare da an kankare shi ba, kuma ita ce hujja mafi ƙarfi game da tsarki. Game da shekaru kuwa babu na'urar da za ta yi magana.

Shekaru sai a jiki ake karanta su. Ɗan kunnen da ya daɗe a kunne, daidai inda yake gogar fata ya kan sirance ya yi santsi, zanen da ke kan tudu ya dushe, na cikin kwarmi ya rage da kaifinsa, baƙin kuma yana maƙale ne a lungu, tudun yana sheƙi. Guda biyun ba sa zama daidai da juna, domin hannu ne ya buga kowanne. Na zubi kuwa tagwaye ne sak, har da tabo iri ɗaya a wuri ɗaya, ana iya ganin siririn layi a gefe inda bakin mazubi ya haɗu, da ƙananan ramuka kamar na allura. Baƙin da ke kan azurfa haɗuwarta ce da sinadarin farar wuta da ke cikin iska, kuma abin da shekaru suke yi a hankali, ana iya yin sa cikin mintuna da ruwan sinadari, kai ko da dafaffen ƙwai a cikin rufaffen mazubi. Irin wannan baƙi yakan kwanta bai ɗaya ko'ina, har inda ya kamata a ce gogayya ta share shi.

Mai niyyar sawa, ba ajiyewa ba, yana da ƙarin abin lura guda biyu. Jikin tsofaffin 'yan kunnen nan ya fi hujin kunne na yau da kullum kauri, tilasta shi kuma yana yaga fata. Sannan nikel ɗin da ke cikin baitong yana sa wa mutane da yawa ƙaiƙayi da ƙuraje, abin da ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita shi a kayan da ke taɓa fata tun 1994.

Ceto ne ko kwashe?

Dillalai da masu tara kayan tarihi suna da hujjar da ba za a yi watsi da ita ba. Suna cewa da ba su saya ba, da kasko ya cinye kayan, kuma siffofi da dama da aka daina ƙerawa a gidajen tarihi da akwatunan masu tarawa kaɗai suka rage. Jikokin 'yan gudun hijira a jihohin Minnesota da Wisconsin da Kalifoniya na Amurka kuwa, wasunsu suna ganin cinikin da aka yi da mai jin yunwa a sansani ba ciniki ne tsakanin daidai da daidai ba, kuma abin da kakarsu ta sayar a kan nauyinsa yanzu ana sayar musu da shi a kan labarinsa. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu suna da gaskiya a kan abin da ya wuce, amma hujjar ceto ta yi rauni a yau, tun da babban abin da kasuwar take haifarwa yanzu shi ne kwaikwayo da ƙaryar shekaru.

Gwamnatoci ma sun shigo ciki. A 2006 Sin ta sa ƙirar azurfar Miao cikin jerin farko na sana'o'in gado na ƙasa, ƙa'idojin da ta fitar a 2007 kuma sun hana fitar da duk kayan tarihi da aka yi kafin 1911, da muhimman kayan ƙananan ƙabilu da aka yi kafin 1966. Wannan ya jefa mai talla cikin tsaka mai wuya: idan kayan da yake aikowa daga Sin sun kai shekarun da ya faɗa, fitar da su yana iya saɓa wa doka, idan kuma fitar da su halal ne, to da wuya su kai shekarun.

Ga matar ƙauye a Sa Pa ko kasuwar Lahadi ta Bac Ha da ke arewacin Biyetnam, lissafin ya fi haka sauƙi. Tashin farashi yana nufin abin da ke kunnenta zai iya biyan kuɗin makaranta ko ya sayi babur, kuma tun asali don haka aka ajiye shi. Wanda abin ya fi matsa wa shi ne maƙerin da ke aiki da hannu, a ƙauyuka irin su Kongbai na gundumar Leishan a Guizhou, domin azurfar da zai saya ta yi tsada, ga kayan zubi masu araha sun cika kasuwa, sai ya zama ko ya koma farin ƙarfe ko ya bar sana'ar.

Abin da ke riƙe da wasu maƙeran na Lawos da Tailan shi ne odar da ke zuwa daga 'yan uwansu na ƙetare, waɗanda har yanzu suke sayen xauv da 'yan kunne don aure da bikin sabuwar shekara a biranen St. Paul da Fresno na Amurka. Su kuwa ba baƙaƙen kaya suke nema ba. A wurin masu abin, azurfar da ta yi baƙi alamar rashin kula ce, kuma kafin biki sai an zauna an goge ta ta yi fari fat, wato ana kankare daidai abin da baƙon mai saye yake ƙara kuɗi dominsa.